Ayarin Mutum Uku

Deal, Ingila
14 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga taubashiyata Zinatu,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina kakarmu Inna Dela, yaya ƙafar tata? Ki gaishe min da Gwaggo Talatu da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi.

Bayan gaisuwa, ki duba saman takardar nan, za ki ga ba daga Woolwich nake rubuto miki ba. Baba ya sayi caravan. Na yi ta neman Hausarta na rasa, amma ki ƙaddara ɗaki ne aka ɗora a kan tayoyin mota. Akwai murhun gas mai kai biyu, da taga mai labule ruwan ɗorawa, da wani gado da ake naɗewa da safe ya koma tebur. A kansa nake rubutun nan. Kin san gwamnati ta turo Baba ne ya koyi aikin tashar jiragen ruwa, to a wannan zangon karatun sai ya bi garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya yana dubawa yana rubutawa. Ya ce da ya bar mu a London gara mu bi shi, tunda na gama makaranta kuma sai baɗi zan shiga kwaleji. Mun kulle flat ɗin da muke haya, mun bar makulli wurin Anti Scholastica, wata nas 'yar Jos da ke zaune a ƙasanmu. Ita za ta riƙa turo mana wasiƙu duk inda muka yada zango.

Zinatu, da kin ga garuruwan nan! Da zafi ake cika su, yanzu kowa ya watse. Kantuna a rufe, sai tsofaffi da karnukansu, sai wasu fararen tsuntsaye masu kuka kamar jarirai. Teku ba shuɗi ba ne yadda ake zana shi, launin toka ne, kuma ba ya yin shiru ko na minti ɗaya. Ni kam abin ya yi min. Kin san ni, in aka yi baƙi ɗaki nake gudu. Nan babu wanda zai ce in fito in gaisa.

Na taho da littattafan soyayya goma sha ɗaya da na tsinta a kasuwar Woolwich, har na cinye uku. Nan kusa akwai wata doguwar hasumiya a kan tudu, mai fitilar da ke nuna wa jirage hanya. Ban ga kowa a cikinta ba, amma na ƙirƙira a raina cewa wani saurayi ne mai shiru-shiru ke kunna ta, yana jiran wadda ba ta zo ba tukuna. Kada ki yi min dariya, ke kaɗai na faɗa wa.

Ki karanta wa Inna sauran labarin, ki ce jikarta na kewar furarta.

Taki,
Karimatu


Koki, Kano
29 ga Nuwamba, 1976

Karimatu,

Wasiƙarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Ƙafar Inna na nan jiya i yau. Umma ta amsa gaisuwa.

To sannu, Baturiya. Sannu da hutawa. Da Kawu ya zo hutu bara, a zauren gidan nan ya dafa kaina ya ce in na ci jarrabawa zai kai ni London in karanci aikin nas. Na ci. Sai ga wasiƙarsa, wai flat ya yi ƙanƙanta, babu inda za a sa ni. Ashe akwai wurin ajiye ɗaki mai taya. Ni ina nan ina rirriƙe Inna zuwa bayan gida, ina kallon 'yan ajinmu ana ta kwasarsu zuwa waje da arzikin man fetur, ke kina can kina sauraron kukan tsuntsaye.

Na karanta wa Inna kamar yadda kika umarta, ranki ya daɗe. Da na zo kan kalmar nan taki ta ce mece ce. Tunda ke mai Turanci kin rasa Hausarta, ni bagidajiya na ɗauko ƙamus ɗin makaranta. Abin da na gani shi na faɗa: ayari. Na ce Kawu ya haɗa ayari, ya rufe gida, ya kama hanya da iyalinsa.

Ke ba ki san komai a kan gidanku ba, to bari in gaya miki. Mahaifin Inna madugu ne. Tana 'yar shekara bakwai ya fita da ayarin goro zuwa Gwanja, ya ce zai sayo mata awarwaro. Har yau. Ko kabarinsa ba a sani ba. Shi ya sa da ta ji kalmar ta ture kwanon tuwo ta ce, "Shi ma?" Sai ta tambayi inda kuke kwana, na ce a mota. Ta ce, "Kamar karen mota?" Na ce oho. Da na kai kan saurayinki mai fitila kuwa, sai ta ɗaga hannu ta ce in tsaya haka nan.

Kada ki ɓata rai, wasan taubasai ne. Ai kin iya dariya.

Zinatu


Koki, Kano
17 ga Disamba, 1976

Karimatu,

Gaisuwa. Mun yi Babbar Sallah lafiya, ku dai ban sani ba ko kifi kuka yi layya da shi.

Kusan mako uku ke nan ba amsa. Kullum sai Inna ta sa na je gidan waya na dubo akwati. Ta ce haka aka fara a wancan karon, da shiru. Yanzu labari ya cika Koki, mata har jaje suke zuwa. Wasu sun ce an kori Kawu daga karatu, wasu sun ce mai gidan haya ne ya watso muku kaya waje. Ni ban ce ba. Ban kuma hana ba.

Ga saƙon Inna. Ta sa na rubuta shi kalma-kalma, ɗaya naki ɗaya na Kawu, kuma nasa ya riga ya tafi:

"Sanusi babba ne, in ya zaɓi ya bi sawun kakansa ba ni da igiyar ɗaure shi. Zubaida matarsa ce, inda ya sa ƙafa nan za ta sa. Amma Karimatu tawa ce, a bayana ta yi wayo. Ba za a yi yawon duniya da budurwa ina raye ba. Alhaji Nata'ala na bayan gidanmu zai je London sarin kaya, zai dawo ran biyar ga Fabrairu. A haɗo ta da shi. In Sanusi ya ƙi, ya san nonon da ya sha."

Na share miki gefen ɗakina. Babu teku, amma akwai kwata a bayan taga, ita ma ba ta yin shiru.

Zinatu


Mousehole
3 ga Janairu, 1977

Zinatu,

Ina gaida Inna da Gwaggo. Ke ban san ko in gaishe ki ba.

Jiya wasiƙunki biyu suka same mu tare da ta Baba. Gari uku suka bi mu suna tarar mun tashi. Shirun da kika kafa hujja da shi ke nan.

Wallahi kin san motar nan ba ayari ba ce. Da hannuna na rubuta miki, ɗaki a kan tayoyi, murhu, labule. Ke da kika zo ta biyu a Turanci a duk ajinku? Kuma saurayin nan na faɗa miki ƙirƙira ce, babu shi. Fitilar ma daga baya na ji wani tsoho ne mai jikoki ke kula da ita. Sirrina na ba ki, kika kai shi kasuwa. Shekaranjiya aka yi cika-ciki, na tuna yadda kike bi na da tsintsiya kina neman kuɗin shara har in ɓuya bayan Inna. Wannan shi ne wasan taubasai. Ba a sa tsohuwa ta ture abinci ba.

Baba a tsaye ya karanta tasa, ya ninke, ya fita ya daɗe yana kallon jiragen masunta. Da ya dawo abin da ya ce kawai, "Maganar uwa ce." Mama ta juya fuska bango. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba, ina jin komai.

Ba zan iya barin Mama yanzu ba. Kada ki tambaye ni dalili, an hana ni faɗa. Ba don teku ba ne, ba don littattafai ba ne. Zancen karatunki kuma ba ni na hana ba, ni ma na yi kuka ranar da Baba ya rubuta wasiƙar nan. Amma ko ya yi miki laifi, don me ni za ki yanka?

Ki koma wurin Inna ki gyara abin da kika ɓata. Ki ce mata muna da gida a Woolwich, makulli na nan, kuma a watan Maris za mu koma. Inna ba ta karatu, ke kaɗai ce bakina a gidan nan. Kin sani, shi ya sa kike yi.

Garin da muke yanzu ɗan mitsitsi ne, sunansa in an fassara ramin ɓera. Na so in ba ki labarin gidajensa da fitilun da suka jera a bakin ruwa, amma na fasa.

Karimatu


Koki, Kano
15 ga Janairu, 1977

Karimatu,

Lafiya muke. Ashe kina da baki in an ba ki takarda. A gaban mutane sai ki sunkuye kina wasa da gefen mayafi kamar ta Allah.

Kin ce in gyara. Na zauna gaban Inna na karanta mata wasiƙarki, ban rage komai ba sai abin da ba shi da amfani. Ta ji cewa akwai abin da aka hana ki faɗa. Ta ce, "To, ruwa ba ya tsami banza." Ta ji kuna ramin ɓera. Wannan kam ke kika rubuta, kada ki ɗora wa ƙamus. Ta tafa hannu ta ce, "Daga mota kuma sai rami?" Maganar makulli da Maris na tsallake, tunda shi ma Madugu ai ya faɗi ranar dawowa.

Kin ce kin yi kuka saboda ni. Na gode, Allah ya saka. Na adana hawayen, da su zan hau jirgi. Shekara uku kina turo min hotonki cikin dusar ƙanƙara, ni sakarya ina mannawa a bango. Yanzu ki zo ki ɗanɗana. Ki dafa wa Inna ruwan alwala, ki shafa mata man zafi, ki zauna ki ji labarin Gwanja sau ɗari ba ki isa ki yi hamma ba. In kin zo ni na samu sarari in nemi makarantar nas ko ta Zariya ce. Kin ga kowa ya samu.

Alhaji Nata'ala zai tashi jibi. Ya ce a kai masa ke masaukinsa a unguwar Edmonton, cikin London, ran huɗu ga Fabrairu. Ki bar littattafan nan a can, Inna ta ce in ta gan su murhu za su.

Zinatu


Looe
27 ga Janairu, 1977

Zinatu,

Ina gaida Inna da Gwaggo. Ke ma na gaishe ki, don Mama ta ce gaba ba ta hana sallama.

Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba. Ephraim, ƙanen Anti Scholastica, zai sauka Kano a hanyarsa ta zuwa Jos, shi zai kawo ta tare da wani ƙunshi. Ƙunshin ba naki ba ne, sunan Gwaggo ke kai. Kaset ne. Na roƙe ta ta aro rikoda ta sa wa Inna da kanta. Tunda takarda sai ta bi ta bakinki, na daina aika wa Inna takarda.

Anti Scholastica ce ta biyo jirgin ƙasa ta zo duba Mama, ta taho da rikodarta. Kin ce ba ni da baki sai a rubuce. Gaskiya ne. Sau huɗu ina danna abin ina kashewa kamar an kama ni da sata. Baba ya tafi tashar jirage, bai sani ba. A na biyar Mama ta ce daga kan gado, "Faɗa mata, Karimatu. Gara su guje ni da a raba ni da ke."

Ga abin da za ki ji, don kada ki ce na ɓoye miki. Mama fuka ke damunta tun sanyin bara. Danshin flat da hayaƙin London ke tayar mata da ita. Sau biyu ana kwasarta zuwa asibiti ba ta iya ko kiran sunana. Likita ya ce in da hali a fitar da ita bakin teku har sanyi ya wuce. Dalilin motar ke nan. Ita ta hana a faɗa, don ta san Koki. Za a ce fuka a zaure, kafin magana ta kai tsakar gida ta zama tarin fuka, ranar da muka dawo a ware mata kwano da moɗa, a hana yara shiga ɗakinta. In ciwon ya taso Baba yana wurin aiki, ni ke dafa ruwan sirace, ni ke riƙe ta a zaune ina ƙirga numfashinta har ya dawo. Tsuntsaye da hasumiya da na yi ta ba ki labari, su na samu na rubuta, tunda an hana ni rubuta wannan.

Kin tsani in ji daɗi. To ga shi, ba na ji. Ki huta.

In Inna ta saurara ta ce duk da haka in taho, zan taho, akwatina a ɗaure yake. Amma ta faɗa bayan ta ji muryata, ba taki ba.

Karimatu


Koki, Kano
1 ga Fabrairu, 1977

Karimatu,

Inna na gaishe ku. Umma na gaishe ku, ta ce a yi wa Mamanki sannu, Allah ya ba ta lafiya. Ni ma na ce amin.

Jiya bayan la'asar aka sa kaset ɗin a tsakar gida, da rikodar maƙwabta. Muryarki kamar ta ɗan akuyan da ruwa ya doka, rabin maganar ma haɗiye ta kike. Inna ta ce a ƙara murya. Sai ta ce mene ne wannan mai huci a bayanki, Umma ta ce teku ne. Ta ce a mayar. Sau uku ana mayarwa. Ashe ba ke take saurare ba, tarin Mamanki take saurare can ƙasa-ƙasa. A na uku ta ce, "Wannan fuka ce, irin ta uwata. Ba tarin da ake gudu ba ne. Duk wadda ta ce tarin fuka a unguwar nan ta haɗu da ni."

Sannan ta juyo kaina. Ba zan rubuta miki duka ba don kada ki ji daɗi. Ta sa Umma ta kwaso wasiƙunki daga akwatina, aka kira Malam Bukar na makarantar firamare ya karanta su tun daga farko, har da makulli, har da Maris, har da inda kika ce saurayin ƙirƙira ne. Ta ce, "Ashe bakinki ya fi takardar tsawo." A gaban kowa. Ta tambaye ni ko na san ba ayari ba ne. Na ce na sani. Kin ji, na faɗa, ba sai kin sake tambaya ba.

Amma ta ƙi sakin kalmar. Ta ce mutum uku a hanya, har da mara lafiya, suna tashi suna yada zango, ko an so ko an ƙi ayari ne. Kuma a gidan madugu ba a cire mutum daga ayari a tsakiyar hanya, sai dai a ƙara. An buga wa Alhaji Nata'ala waya yau da safe, an ce ya taho da kayansa kawai. Ki kwance akwatinki.

Ƙarin kuma ni ce. Malam Bukar ta sa ya rubuta wa Kawu, ni an sauke ni daga wannan kujerar. Ta ce yarinya ɗaya ba ta jinyar fuka, tunda ina son aikin nas in fara da matar kawuna, karatun ya biyo baya, kuma ya san nonon da ya sha. Umma za ta dawo ɗakin Inna da kwana. Na ce ni ba zan je in yi wa kowa bauta a mota ba. Ta ce ba shawarata ta nema ba.

Kada ki ɗauka mun shirya. Shekara uku ba sa wankuwa da kaset ɗaya, kuma da kin faɗa min gaskiya tun farko da ba a kai nan ba. Kawu ma zai ji haushinki in ya ji kin tona, ki shirya. Inna ta ba da citta da kanumfari da zuma na Mamanki, da kilishi na guzuri. Duk suna cikin kayana, amma kada ki sa rai da kilishin.

Gadon nan da kika ce yana komawa tebur, mutum nawa yake ɗauka? Ki sani tun yanzu, ni ba na kwana ta bango.

Zinatu